Injin shara a gidan Damagaram: tambayoyin da ake yi mana kafin a saya da bayan ya lalace

Aikinmu gyaran kayan wuta na gida ne: fanka, dutsen guga, injin markaɗe, da injin zuƙe ƙura, wato aspirate, wanda ya fara yawa a falukan garin nan. Akasarin masu kawo mana shi sai bayan ya mutu suke yin tambayar da ya kamata su yi tun a kanti, shi ya sa muka tara tambayoyin wuri guda. Ba ma sayar da inji, don haka ba wanda muke yi wa talla.

Gidan da ke da tsintsiya, me zai yi da inji?

Ya danganta da abin da ke shimfiɗe a ɗakin. In daɓe ne ko siminti da tabarma, ku riƙe kuɗinku, tsintsiya da tsumma mai laima sun wadatar. Amma da zarar an shimfiɗa moket bango zuwa bango, ko an zuba manyan dardumai da kujerun kushin da labule masu nauyi, tsintsiya ta gaza, don sama kawai take sharewa. Rairayin da ake shigowa da shi a ƙafa nutsewa yake yi ƙarƙashin gashin kafet ya zauna. Kullum ana taka shi yana yanke zaren daga tushe, shi ya sa bakin ƙofa ke riga ko'ina yin sanƙo. Ƙura mai laushi kuwa tayar da ita tsintsiya take yi, ta yi yawo a iska, an jima ta sauko kan talabijin.

Tsakar gida da zaure na tsintsiya ne har gobe. Ko a cikin ɗaki, ranar da guguwar farkon damina ta shigo da ƙasa, a fara kwashe tulin da tsintsiya kafin a kunna inji.

Me ya sa injinan nan ba sa daɗewa a garin nan, alhali a Turai ana cewa suna shekara goma?

Wannan ita ce tambayar da duk sauran suka rataya a kanta.

Moter ɗin yawancin injinan shara da iskar da yake zuƙa yake shan sanyi. Iska ta shigo ta tiyo, ta ajiye datti a buhu ko a kwano, ta ratsa filta, ta bi ta jikin moter ta ɗebe masa zafi, ta fice ta baya. In filta ta toshe iska ta ragu, moter ba ya tsayawa. Juyawarsa ma ƙaruwa take yi, shi ya sa za ku ji ƙararsa ta ƙara siririya, ga shi ba abin da ke huce shi. Kamar a toshe wa mutum hanci ne a ce ya yi gudu da tsakar ranar watan Afrilu.

To ga irin ƙurarmu. Hazon da ke rufe gari daga Nuwamba zuwa wajen Maris, mai yawa daga cikinsa daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, iskar arewa maso gabas ta kwaso shi ta biyo ta kanmu. Laushinsa ya kai ya shige ta gefen taga a rufe, kuma shi ne ke like ƙofofin filta. Abin da filta za ta tara a wata shida a wata ƙasa, a nan hunturu guda bai kai rabi ba ta tara shi. Daga nan bazara ta shigo da zafin da ke wuce digiri 40, iskar da ya kamata ta sanyaya moter ita kanta da zafinta take shigowa.

In muka kwance irin wannan inji kusan abu guda muke tararwa. Filtar da asalinta fara ce ta koma launin ƙasa, ta yi tauri, in an ƙwanƙwasa ta a bango ɓawo ne ke ɓallewa. Fukafukan fankar ciki sun yi dabbare da ƙura. Wayar tagullar da aka naɗe ta yi baƙi, tana warin ƙonannen fenti, warin da sai an sa omo yake barin hannu. Wani lokaci kuma filtar ma ba ta nan. Wani a gidan ya lura cewa in an cire ta injin ya fi ja, sai ya cire ya yar. Gaskiya ne ya fi ja, na ƴan makonni, har rairayi ya gama cinye boris ɗin da moter ke juyawa a kansa.

Saboda haka kafin ku tambayi sunan kamfani, ku tambayi yadda ake cire filtar, ko ana wanke ta, da inda za a samu wata.

Mai buhu zan saya ko marar buhu?

Ta fuskar lafiyar moter, mai buhu ya fi. Buhun shi kansa mataci ne, duk sa'ad da aka sa sabo an sabunta hanyar iska ke nan. Buhu mai farin zare mai kauri ya fi na takarda nesa ba kusa ba, don na takarda ƙurar hunturu na like shi tun bai cika ba, rairayi mai nauyi kuma na fasa shi. Matsalar ita ce samu. Kowane kamfani da bakin buhunsa, kuma wanda ya sayar muku da inji bana ba lalle ne ku tarar da buhunsa a wurinsa baɗi ba. In za ku sayi mai buhu, ku sayi na shekara guda a ranar, ku ɗauki hoton kwalin a waya don aike Kano ko Yamai.

Ana kai wa tela ya ɗinka buhu da yadi. Yana riƙe shara, amma ƙura mai laushi wucewa take yi abinta, ta tafi kan filtar moter. In dole ta sa aka yi haka, to a riƙa duba filtar duk sati.

Marar buhu iri biyu ne ko da yake a ido duk ɗaya suke. Akwai wanda ke juya iska sosai a cikin ƙananan mazurarai da yawa har ƙura ta ware kafin ta kai filta, dabarar da kamfanin Dyson ya yi suna da ita. Akwai kuma na araha, mai kwanon roba mai ɗaukar ido da filta guda a tsakiya, ita ke ɗaukar duk wahalar. Wannan na biyun shi ya fi cika mana shago. Araha ba ta ado.

To in ku ne, wanne za ku saya?

Mai kama da ƙaramar ganga a kan ƙafafu, mai waya, wanda ba shi da tarkacen lantarki in ban da maɓallin kunnawa. Cikinsa babba ne, filtarsa faffaɗa, in an ɗage murfi komai na fili.

A wannan sahu akwai Henry na kamfanin Numatic, da ake ƙerawa a Ingila tun 1981, ja mai fuska a jiki. Moter ɗinsa wat 620 ne kawai, wayarsa mita 10, kuma kusan kowane ɓangarensa ana kwancewa a sauya. Akwai Kärcher na Jamus, mai launin ɗorawa, jerin WD, wanda ke zuƙar busasshe da jiƙaƙƙe. WD 3 na ɗaukar lita 17, yana kuma hura iska in an mayar da tiyon ta baya. Akwai manyan gangunan Hitachi da Panasonic da ake shigowa da su daga Dubai, masu filtar yadi da ake kakkaɓewa a mayar. An yi su ne don ƙasashe masu rairayi irin tamu, sai dai suna shan wuta, da yawansu wat 2000 ko fiye. Miele na Jamus kuwa inji ne na gaske, kamfanin na cewa yana gwada su gwajin da ya yi daidai da amfanin shekara 20, amma buhunsa na musamman ne kuma mai tsada. Wanda yake da mai aiko masa daga waje ya saya. Wanda ba shi da shi, ranar da buhun ƙarshe ya cika ya zama kayan ado.

Philips, Bosch, Rowenta, LG da Samsung duk suna da nagari suna da na jeka-na-yi-ka, ba a yi musu kuɗin goro. Kuma a yi hattara da jabu. Ku kifa injin ku duba takardar da ke manne a ƙasansa, ku rubuta lambar samfurin a waya ku bincika a intanet. In hoton da ya fito ba shi ba ne, ko ba abin da ya fito, ku ajiye shi.

Mai kanti ya ce wannan wat 2400 ne, wancan 900. Ba mai babbar lamba ne ya fi ƙarfi ba?

Lambar wat wutar da injin ke sha take nunawa, ba ƙarfin jansa ba. A Tarayyar Turai tun Satumba 2014 aka hana sayar da injin sharar gida da ya kai wat 1600, a Satumba 2017 aka sauko da iyakar zuwa 900. Dokar 2017 ɗin ta kuma ce ƙararsa kada ta wuce desibel 80, moter ya iya aikin awa 500 aƙalla, tiyo ya jure lanƙwasa sau 40,000. Awa 500, in ana shara awa guda a mako, ya kusa shekara goma. Kamfanoni ba su daina yin inji mai ja ba, gyara fanka da bakin shara suka yi.

Abin da ke sa shara ta fita shi ne iska ta wuce da yawa, kada ta zurare ta gefen murfi ko tsagar tiyo, bakin sharar kuma ya kwanta daidai a kan kafet. Babbar lambar da aka buga da jan fenti a jikin injin da ba a san kamfaninsa ba, sau da yawa fenti ne kawai.

Da irin wutarmu, ba zai ƙone ba? Zan iya sa shi a gurup, wato janareta, ko a sola?

Wutar NIGELEC bolt 220 ce, daidai da kayan Turai, Najeriya, Dubai da Aljeriya. Abin tsoro shi ne lokacin da ta yi ƙasa har ƙwan fitila ya yi ja, da kuma lokacin da aka maido ta da ƙarfi bayan an ɗauke. In wuta ta tafi kuna cikin shara, ku kashe maɓalli ku zare waya, kada ku bar shi a kunne yana jira. Inji mai maɓalli guda ya fi jure wannan hawa da sauka a kan mai allo da madannai, don ƙaramin katin lantarkin da ke ciki shi ke fara tafiya.

Tun ɗaukewar wutar da aka sha daga Agusta 2023, lokacin da Najeriya ta yanke layin da take bai wa Nijar, gidaje da yawa sun koma gurup da sola, kuma a nan ne ƙaramin wat ke nuna amfaninsa. Moter na fizgar wuta fiye da lambarsa a daidai lokacin tashi. Ƙaramin gurup ɗin nan na fitila da fanka da cajin waya ba zai ɗauka ba. A sola kuwa, a samu inbata da ta ninka wat ɗin injin, a yi sharar da hantsi ko azahar rana na kan allunan, kada a bari sai dare a tsotse batir. Mai wat 2000 yana jan amfiya 9, a gidan da kwantarsa ƙarama ce in firiji da dutsen guga na kunne sai wuta ta faɗi.

Abu biyu ƙanana da ke jawo gobara: wayar ƙari siririya ta kasuwa, da barin wayar injin a naɗe a cikinsa ana aiki. A jawo ta duka, don a naɗe zafi take tarawa.

Zai ƙara mini kuɗin wuta?

Kaɗan. Mai wat 900 in ya yi rabin awa bai sha rabin kilowat ba. Na'urar sanyaya ɗaki tana shan fiye da haka kafin a gama cin tuwon dare.

Marar waya fa, mai batir? Na ga ya fi sauƙin ɗauka, kuma ko ba wuta zai yi.

Yana da daɗin hannu, ba musu. Don kujerun mota, matakala, ko burbushin da yara suka zubar, ba kamarsa. Amma in shi kaɗai ne injin gidan kuma ana so ya daɗe, ba ma ba da shawararsa. Minti 40 ko 60 ɗin da ake rubutawa a kwali a ƙaramin gudu ne. A babban gudu, wanda shi ke fitar da rairayi daga moket, da yawansu ba sa wuce minti goma. Batirin litiyom kuma zafi ne ajalinsa, ga shi cajinsa sai an yi a ɗakin da da kansa ya yi zafi. Shekara biyu ko uku sai ya fara gazawa, a lokacin ne mutum ke gano cewa sabon batir ba ya samuwa, ko kuɗinsa ya kusa na injin.

In kun nace, ku zaɓi wanda batirinsa ke zarewa da hannu ba sai an kwance ba. Kada a bar shi a mota a rufe, kada a sa shi caji yana da zafin aiki, a jira ya huce.

Wanda ke yawo da kansa a ɗaki fa?

Gidan karo (tayil) sumul, marar dokin ƙofa, marar gezar darduma, marar wayoyi a ƙasa, shi aka yi wa shi. Kwanonsa bai fi kofin shan koko ba. A gidajenmu rabin ranarsa a maƙale zai yi ta.

Ɗan'uwana zai aiko mini daga Amurka. Akwai matsala?

Akwai babba. Wutar Amurka da Kanada bolt 120 ce, ta Japan 100. In aka soka irin wannan a bangonmu, tartsatsi guda ne ya gama. Taransifoma da za ta ɗauki injin shara babba ce mai nauyi, ba ƴar ƙaramar nan ta askin gashi ba. Ku ce masa ya aiko da kuɗin. Daga Faransa, Beljiyam ko Jamus kuwa ba damuwa, har bakin wayar irin namu ne mai ƙafa biyu zagayayyu. Na Kano da Dubai da Ingila wutarsu ta yi daidai, bakin ne mai ƙafa uku. Gara a yanke a sa baki mai kyau irin namu da a riƙa liƙa adafta mai lilo, don wurin da ke lilo shi ke zafi har ya narke.

Zan sayi na hannu. Yaya zan gane mai rai?

Okaziyon Turai mai kyau ya fi sabon da ba shi da asali, in an iya zaɓe. Kada ku sayi wanda ba a kunna muku ba, ko a Kasuwar Dole ne ko a Sabon Garin Kano, ko da mai shi ya rantse.

Ku fara da takardar ƙasa: bolt 220 zuwa 240. Ku buɗe, ku zare buhu da filtar da ke gaban moter, ku shafa yatsa a bayanta. In yatsan ya fito da ƙura, an yi aiki da shi ba kariya. Ku sunsuna wurin fitar iska tun ba a kunna ba. Sannan a kunna a bar shi kamar minti goma, don moter mai ciwo a sanyi lafiya lau yake tashi, sai ya ɗumama yake fara canza murya. Ƙara ta zama guda, ba gurnani, ba ƙeƙe-ƙeƙe. In an kashe, ku saurari yadda yake tsayawa: mai lafiya a hankali yake lafawa, mai mataccen boris da ƙugi yake tsayawa.

Ku toshe bakin tiyo da tafin hannu ku bi jikinsa da ɗayan hannun kuna lanƙwasawa, tsaga a cikin lanƙwasa take ɓuya. Ku jawo waya har ƙarshe ku duba inda aka naɗe da salatif, ku taka maɓallin ku ga ko za ta koma. Daga ƙarshe ku watsa ɗan rairayi a kan darduma ku murza da ƙafa, a bi da injin sau biyu, ku ɗaga dardumar ku buga bayanta a kan takarda. Abin da ya zubo shi ne amsar. In kuna da farin hankici, ku kara shi a wurin fitar iska ana wannan gwajin.

A lissafa da bakunan shara. Inji mai kyau da ba shi da bakin kafet, rabin inji ne, kuma faɗin bututun ba ɗaya ba ne, akwai mai milimita 32 akwai mai 35.

Yarona na da asma. Akwai wanda ya fi dacewa?

Ku nemi mai buhu, mai filtar HEPA (mai kama ƙura mafi laushi) a wurin fitar iska, kuma a duba ajinta. H13 tana riƙe kashi 99.95 cikin 100 na ƙwayoyin ƙura mafi wuyar kamawa. Wadda aka rubuta E10 ko E11 ba ta kai nan ba. Amma filta mai kyau a jikin injin da murfinsa ba ya rufuwa ruf aikin banza ce, ƙurar ta gefe za ta bi. Hajiya, ki fitar da yaron kafin a fara, a bar ɗakin ya lafa kafin ya dawo, kuma kada a zazzage kwano ko a kakkaɓe filta a inda yake.

Akwai masu tace ƙura ta cikin ruwa. Suna aiki, ruwan da suke ci kuma lita biyu ne ko makamancin haka, ko a garin da ake sayen ruwa wurin ƴan garuwa ba zai gagara ba. Wahalarsu wanki ce: duk bayan shara sai an zubar, an ɗauraye, an shanya, in ba haka ba ya yi ɗoyi.

Me da me ba a zuƙa da shi?

Na farko tokar kaskon turaren wuta. Garwashi na iya kwana a cikin toka da ransa, in iskar inji ta hura shi a cikin buhu mai cike da gashi da zare, gobara ce. Ko tokar ta mutu, laushinta na like filta nan take. Haka siminti da filasta bayan gini, garin fulawa, da garin lalle. Ruwa kuwa sai injin da aka yi domin haka. An sha kawo mana wanda aka zuƙi shayi ko kunun da ya zube da shi, an jima moter ya yi tsatsa. Allura, fil ɗin ɗankwali, reza da fasasshen gilashi suna huda tiyo da buhu. Gashin kitso da zaren ɗinki ba sa kashe inji, amma suna naɗe burushi mai juyawa har bel ya tsinke, a riƙa yanke su da almakashi.

Wace kulawa yake so?

A hunturu a duba filta duk sati, sauran lokaci sau ɗaya a wata. Kada a jira buhu ya cika tam, in ya kai kashi biyu cikin uku a sauya, tunda rairayi nauyi gare shi. Kwano a zazzage shi bayan kowace shara, a waje, iska na bayanku.

Filtar soso da wadda aka rubuta ana wankewa, ruwa zalla ake sa mata, ba omo, ba burushi. A shanya ta a inuwa kwana guda cur. A nan rabin yini ma samanta ya bushe, amma cikin lanƙwasar da saura, kuma filta mai laima in ta haɗu da ƙura laka take zama. Ta takarda ba a wanke ta, bugawa ake yi a hankali. Masu kai wa mai faci ya hura da kwamfuresa su sani iskar na iya yaga ta yagewar da ido ba ya gani. Wanda ya samu hali ya ajiye filta biyu, ɗaya na aiki ɗaya na shanya.

Da bazara a yi shara da sassafe, kuma in falo babba ne a ba shi hutu a tsakani.

Ina cikin aiki ya mutu da kansa. Ya ƙone ke nan?

Ba lalle ba. Yawancinsu suna da abin da ke yanke wuta in zafi ya yi yawa. Ku zare waya, ku duba buhu, filta da tiyo (safar yara da ledar ruwa su suka fi toshe shi), ku ba shi kamar awa guda. In ya tashi, gargaɗi ya yi muku. In kuka sake kunnawa ba ku cire abin da ya toshe shi ba, wata rana ba zai tashi ba.

In ba wari kuma ya ƙi tashi, sau da yawa waya ce ta karye a gindin baki ko maɓalli ya ci, gyaran ba tsada. In yana tartsatsi da yawa yana yankewa, gawayin moter ne ya cinye, wato sharbon, ƴan sanduna biyu da ke goga a jikin abin da ke juyawa. Ana sauya su in an zo da wuri. In an bari sai sun ƙare, ƙarfen bayansu ya kai ga tagullar ya ƙwarzane ta, to sai sabon moter. Naɗin waya da ake yi wa fanka bai cika yi wa wannan ba, don gudunsa dubban juyi ne a minti, in naɗin ya karkace kaɗan girgiza za ta wargaza shi.

Muna so mu saya wa masallacin unguwa. Irin na gida zai yi?

Ba zai kai azumi biyu ba. Kafet ɗin masallaci ƙafa ɗaruruwa ke taka shi sau biyar a rana, kowace da ɗan rairayinta. A nemi na ma'aikata, irin gangunan Numatic, Nilfisk ko Kärcher da ake aiki da su a otal da ofis, mai doguwar waya da faffaɗan baki. A haɗa da buhuna da filta tun a kuɗin farko, don karo-karo na biyu ya fi wuyar tarawa. Kuma kwamiti ya damƙa shi a hannun mutum guda, ladan ko wani matashi mai natsuwa, a nuna masa filtar. Injin da kowa ke ɗauka ba mai wanke masa filta.

Ina haɗa wa ƴata kayan ɗaki. In sa shi a ciki?

In ɗakin zai sha kafet, ki sa, zai fi wasu kwanukan da za su shekara a kabad amfani. Ki zaɓi mai sauƙi mai waya, ki karɓi rasit da takardar garanti da hatimin kanti, a gwada shi kafin ranar jere. A hayaniyar jere ake jefar da kwali da ƙananan bakuna da filtar ajiya, ki sa wata ta tattara su a leda guda.

A ina ya kamata a ajiye shi?

A ɗaki, a inuwa, ba a baranda ko kusa da murhu ba, don rana na busar da robar tiyo har ta tsattsage. A zare tiyon a rataye shi a sake, kada a naɗe shi tamau. In za a daɗe ba a yi amfani da shi ba a zubar da abin da ke ciki tukuna, tunda burbushin abinci na kiran ɓera da kyankyaso, ɓera kuwa in ya shiga wayar ciki yake fara ci. A toshe bakin da tsumma, a rufa masa tsohon zane.